Baƙuwar Gindin Randa

Duk wanda ya san Mika'ilu mai agashe a unguwar Sawra ta Omdurman ya san ba mutumin fure ba ne. Tsiron da ba a ci, ba a saƙa tufa da shi, ba a jiƙa shi don ciwon ciki, a wurinsa ciyawa ce kawai da ta samu gata. Shekara da shekaru yana wuce wata 'yar tukunya a gindin randar gidansa, bai taɓa sunkuyawa ya dube ta ba sai in ta tare masa hanyar ɗaukar moɗa. Amma a shekara ta biyu ta yaƙin Sudan, lokacin da kowa ke neman gari da gawayi da hanyar tsira da rai, tsohon nan ba shi da damuwar da ta wuce abin da ke cikin tukunyar, kuma kunya ta hana shi gaya wa mutane.

Tsiron na Kande ne, matarsa, wadda ta rasu kafin a fara harbe-harbe. Ba shi da ƙaya, ba shi da wani kara na kirki. Gaɓoɓi ne kore masu faɗi, kowace ba ta wuce gaɓar yatsa ba, wannan ta fito daga bakin waccan, suna jeruwa har su sunkuyo ta gefen tukunya. Duk shekara shiru yake, sai sanyi ya shigo sannan ya fitar da jan fure a kan kowane reshe. A gidan Kiristocin da Kande ta yi wa wankau a unguwar Masalma, furen Kirsimeti suke ce masa, don lokacin bikinsu yake buɗewa. Ita kuwa Kande Baƙuwa ta raɗa masa, kuma tun daga nan ya zama mace a gidan. Wai ba 'yar ƙasar nan ba ce: ba ta son rana, ba ta jure ƙishi, in kuma aka cika mata ruwa ta ruɓe. Mika'ilu ya ce shi bai taɓa ganin iyayi irin wannan ba ko a wurin amarya.

Kande ba ta kula shi ba. Ta ajiye Baƙuwa a ƙarƙashin rumfa, gindin randa, inda ruwa ke ɗiga kuma ƙasa ba ta rabuwa da sanyi. In bazara ta yi tsanani sai ta jiƙa buhu ta rataya ta inda iska ke shigowa. Tana goge mata ƙura da bakin mayafi, tana yi mata magana a hankali. Mika'ilu yana jin su daga kan gadonsa na igiya, sai ya ɗaga murya ya ce, "Tambaye ta ko za ta sa hannu a cefanen yau."

Kande ta ce, "Ai ta fi wasu, ita ba ta da baki."

Ba za a ga laifinsa sosai ba. Duk abin da ya sani game da tsiro a gonar auduga ya koyo shi, ita kuwa auduga ba a lallashinta. A wani kambo aka haife shi kusa da Hasahisa, irin bukkokin 'yan ƙwadago da ke maƙale a gefen magudanan ruwa na Jazira. Ubansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya tsaya tsintar auduga don ya haɗa guzuri, guzurin bai haɗu ba har aka binne shi a can. Mika'ilu ya tashi yana tsinta, yana ban-ruwa, yana nome gonar da ba tasa ba. Amma aikin da ya yi suna a kai shi ne na ƙarshen shekara. Dokar Jazira ce a zamaninsu: in an gama tsinta sai a tumɓuke kowane karan auduga da saiwarsa, a share gona tas, a tara, a cinna wuta. Ba a barin ganye, ba a barin ɓawo, ba a kai kara gida ko don girki, saboda a ciki cuta da tsutsa ke ɓuya su jira shukar baɗi. Mufattishi, wato mai duba gonaki, yakan zo ya bi kunya-kunya yana tona ƙasa da sanda. Bai taɓa samun ko tsinke a gonar da Mika'ilu ya share ba, kuma Mika'ilu bai taɓa gajiya da ba da wannan labari ba, ko da masu sauraro sun gaji.

Da auduga ta lalace a Jazira ya kwaso Kande da 'yarsu Mawahib, ita kaɗai Allah ya bar musu, suka dawo Omdurman. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya kafa tukuba a bakin titi yana gasa agashe, naman nan mai ƙuli-ƙuli da yaji da aka san Hausawa da shi a Sudan. Nan ma dai wuta ce. In ka duba da kyau, duk rayuwarsa wuta ce ke ƙarasa masa aiki, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ciwon Kande bai daɗe ba. Bayan an yi sadakar arba'in Mawahib ta karɓi hidimar tukunyar, don ita da mijinta da 'ya'yansu a gidan suke zaune. Ba a rufa shekara ba yaƙi ya ɓarke cikin azumi. Sawra ba ta faɗa hannun kowa ba, amma dana, wato harsashin igwa, ba ta tambayar unguwa, takan faɗo a kasuwa, a layin burodi, a tsakar gidan mutum yana alwala. Mijin Mawahib ya ce Masar za su.

Mawahib ta ce, "Baba, ka taso mu tafi. Wa zai dafa maka? In ka kwanta ciwo wa zai ɗaga ka?"

Ya ce, "Ubana ya bar gari ɗaya ya ƙare a hanya. Ni ba zan ƙara wani ba. Nan uwarki take kwance."

Ta yi kuka, ta yi fushi, ta sa mijinta ya sa baki, tsoho ko gezau. Ranar tafiya ta ɗauko tukunyar har bakin ƙofa. Mijin ya dubi kaya, ya dubi yara, ya girgiza kai, ta mayar da ita gindin randa. Ta ɗan jima a tsugune a wurin, ta ba mutane baya. Da ta miƙe ta ce, "Baba, ga Baƙuwar Inna. Kada ka sa ta a rana, kada ka cika mata ruwa. Don Allah kada ka bari ta mutu."

Ya ce, "Mutane na mutuwa kina maganar ciyawa." Amma dai ya ce to.

Ya riƙa zuba mata ruwa kamar mai shan magani, ba don yana so ba. Tukubarsa ta mutu, don ba nama, ba masu saye. Abincinsa ya koma takiyya, tukunyar sadaka da matan unguwa ke ɗorawa a bakin masallaci, a miƙa kwano a zuba maka wake ko adas, ƙananan waken nan na Larabawa. Haka damina ta wuce, aka shiga sanyi.

Wata safiya ya zo ɗiban ruwan alwala sai ya ga ja a gindin randa. Jiya-jiya dana ta faɗa layin bayansu ta kashe mutane, har yanzu ana jin ƙaurin hayaƙi, ga wannan abu ta buɗe kamar labarin bai iso mata ba. Ya tsuguna. Sai ya tuna yadda duk shekara Kande ke kiransa, "Malam, zo ka gani," shi kuma ya ce yana zuwa. Bai taɓa zuwa ba. Ya zauna dirshan a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Daga ranar Baƙuwa ta daina zama ciyawa. Kewar Kande da ya rasa inda zai ajiye ta ta samu wurin zama, kuma ya fara jiƙa buhu yana ratayawa tun zafi bai zo ba.

Zafin kuwa ya zo da fushi. Wutar lantarki ta ɗauke, famfo ya ƙafe, ruwa sai na amalanken jaki, shi ma ba kullum ba. Randar da ba ta taɓa sauka daga wuya ba ta koma rabi, ɗigarta ta ragu, ƙasar gindinta ta bushe. Mika'ilu ya rage na shansa, ya rage na wanka, yana tara ruwan alwala a kwano don Baƙuwa.

Kiyashi ya fara gani, jere a gefen tukunya suna hawa suna sauka. Ya share su. Washegari sun dawo. Ya kai fuskarsa kusa, don yanar ido ta fara rufe masa na hagu, sai ya ga wani fari-fari maƙale a mahaɗar gaɓoɓi, kamar an tsinci auduga an cusa. Ya sa yatsa ya taɓa, yatsan ya manne. Ya murza, farin ya fashe ya bar jirwaye a fatarsa, ashe ƙwaro ne mai rai a ciki. Wannan danƙo ya san shi. A Jazira asala suke ce masa, wato zuma, kuma duk shekarar da ya sauka a gona, tun kafin tsinta mata suke fara kuka. Ya yi rayuwarsa yana bin auduga gona-gona, yau ga wata irin auduga ta biyo shi har gida.

Ya ciro tsinken tsintsiya ya zauna tsintar su ɗaya-ɗaya. Aiki ne na mai ido da hannun da ba ya rawa, shi kuwa duka biyun sun fara barinsa. Sau da yawa maimakon ƙwaro sai ya tsire gaɓar, ruwa ya tsattsafo, ya ce, "Yi haƙuri," ya waiga ko wani ya ji. Ya yi wuni guda ya ga ta yi fes. Kafin mako ya zagayo farin ya dawo, har ya fi na da.

Ya barbaɗa toka. Ya daka ganyen darbejiya ya jiƙa ya yayyafa, gida ya ɗauki ɗaci. Ya kankare ɗan sabulun da ya rage masa ya yi kumfa ya wanke ta reshe-reshe. Kowane magani yakan yi kamar ya ci, ya kwana biyu yana murna, sai kiyashi su sake jerowa. Da idonsa mai kyau ya ga ɗaya ɗauke da ɗan farin ƙwaro a baki yana kai shi sabon reshe, kamar makiyayi mai sauya wa dabba makiyaya. Ya bi layinsu har ramin da ke gindin katanga ya zuba tafasasshen ruwa, ruwan da ya kamata ya sha. Suka buɗe wani ramin a gefe.

A nan Awadiyya ta same shi. Maƙwabciyarsu ce, jikar Hausawa ita ma, sai dai Hausarta rabi Larabci ce. Kafin yaƙi shayi take sayarwa a Khartoum, a bakin wani lambun sayar da furanni, yanzu kuwa ita ce mai juya tukunyar takiyya. Da ta ga kwanonsa bai zo layi ba ta biyo shi da abinci, ta tarar da shi tsugune da tsinke.

Ammu take ce masa, wato Baffa. Ta ce, "Ya Ammu, mene ne haka? Mun ɗauka ko ba ka da lafiya."

Ya so ya ɓoye, ba wurin ɓoyewa. Ta leƙa, ta yi tsaki na tausayi, ta ce, "Wallahi na san wannan. Masu lambu sibirto suke sa wa auduga su goge shi, ruwan wanke raunin nan na asibiti. Nan take yake narkewa."

Da safe ya sa jallabiyarsa mai dama-dama ya nufi kantin maganin da ya rage a buɗe a unguwar. Layi har waje. A gabansa wata mata ce riƙe da 'yarta, an naɗe ƙafar yarinyar da tsumman zane, jini ya huda ya bushe. A bayansa wani mutum ne da hannu a rataye. Tun daga nesa yake jin mai kantin yana cewa ba bandeji, sibirto kuma saura ɗan kaɗan, sai wanda ya nuna rauni ake ɗiga wa a murfin kwalba. Layi na matsawa, Mika'ilu na shirya maganar da zai yi, kowace ya ɗauko sai ta yi masa nauyi a baki. Da ya iso gaba mai kantin ya ce, "Na'am, ya Hajji, ina ciwon?" Mika'ilu ya ce ya manta abin da aka aiko shi ya saya. Ya fito yana jin haushin kansa, yana jin haushin ƙwaron, har da Kande ya ji haushi, da ta tafi ta bar masa abin da ba a iya roƙa wa magani a gaban mutane.

Sai ya tuna hatsi. In ƙwari suka shiga dawa ai shanya ta ake yi, rana ta kore su. Ya san Mawahib ta hana, amma ya ce wa ransa hantsi ɗaya ba zai yi komai ba. Ya fito da tukunyar tsakar gida. Kafin azahar gaɓoɓin sama sun yi ja sun yamutse, sun yi laushi kamar dafaffen ganye. Ƙwarin kuwa suka shige can cikin mahaɗa inda inuwa take, ko ɗaya bai mutu ba. Ya rungumo tukunyar ya mayar, ƙasarta na ƙona masa ƙirji.

Daga nan dabara ta ƙare masa, sai abu ɗaya da ya rage, wanda tun farko yake kauce masa. Shi dai a saninsa cutar da ta fi ƙarfin magani wuta ce maganinta. A cire mai ciwo a ƙona, mai lafiya ya tsira. Bai taɓa ganin wannan doka ta yi ƙarya ba. Ya hura gawayi a murhu, ya wasa tsohuwar wuƙarsa ta yankan agashe, ya yi bismilla, ya yanke reshen da ya fi fari ya jefa. Ya yi ƙara, ya kumbura, ya fashe. Ya share gindin randa, ya share ƙarƙashin rumfa, ya kwashe sharar ita ma ya zuba a wuta. A karon farko cikin watanni ya ji ya yi aikin da hannunsa ya sani.

Farin ya ɓullo a reshe na kusa. Ya yanke. Ya ɓullo a wani. Ya yanke. Wani lokaci ƙwaron a gaɓa ɗaya yake, amma sai ya haɗa da na sama da na ƙasa, kore shar, don a Jazira ba a tausaya wa maƙwabcin mai cuta.

Ranar da Awadiyya ta sake shigowa Baƙuwa ta koma rabi. Ta tarar da yankakkun gaɓoɓi a kan faifai suna jiran wuta. Ta sunkuya ta ɗauki guda, ta juya ta, ta hure.

Ta ce, "Ammu, wannan ai lafiyarta lau. Bar mini ita in wanke in cusa a gwangwani. Kamar na taɓa ganin masu lambu suna cusa irin waɗannan a yashi."

Ya ce, "Kamar kin gani, ko kin gani?"

"Ni shayi nake dafawa, ban tsaya kallo ba. Amma a gwada mana, me za a rasa?"

Ya miƙa hannu ya karɓe. Ya ce, "'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba nake cikin gona. Rogo da kara ake dasa shi, rake da kara, dankali da igiyarsa. Ganye fa? Kin taɓa ganin an shuka ganye ya fito? Ki kai cuta gidanki a banza, ta cinye miki ɗan na'ana'an da kike sa wa shayi." Ya jefa gaɓar a wuta.

Ta ce, "Kalas, shi ke nan, kai ka sani." Ta ajiye masa wake ta fita. Mace ce mai kunyar manya, ba ta sake tayar da maganar ba.

Duk wannan lokaci Mawahib ba ta san komai ba. Layin waya ya daɗe da lalacewa, sai dai mutum ya je kasuwa wurin masu intanet na tauraron ɗan Adam, ya tsaya cikin cunkoso kowa na ihu a wayarsa. Awadiyya kan raka shi jefi-jefi ta kira masa a tata. Bayan gaisuwa da tambayar jikoki, Mawahib ba ta taɓa ajiye waya ba sai ta ce, "Ya Baƙuwar Inna?" Shi kuma ya ce, "Tana nan." Ba ƙarya ya yi ba, tana nan ɗin, sai dai kullum abin da ke nan yana raguwa.

Da damina ta ja baya, reshe ɗaya ya rage, gajere, a kan wani ɗan kututture mai launin ƙasa. Mika'ilu ya riƙa gadinsa kamar jariri. Ya ɗora tukunyar a kan bulo cikin faranti mai ruwa don kiyashi su rasa hanya. Ya yi kwanaki bai ga fari ba, har ya fara lissafin sanyi, yana cewa ko fure ɗaya ne ya ishe shi. Wata safiya ya duba, ga shi nan a mahaɗar ƙasa, dunƙule. Ya daɗe riƙe da wuƙa. Ya ce wa ransa saiwa ita ce rai, in saiwa ta tsira za ta tofo sabo mai tsabta, haka kowane tsiro yake. Ya yanke reshen ƙarshe ya sa a wuta, ya share wurin, ya kwashe tokar ya kai bayan gida ya binne.

Kututturen bai tofo ba. Ya yi ta jira, yana ɗiga masa ruwa. Da ya gaji ya ɗan tona gefen ƙasar da yatsa, sai ya ga saiwar ma fari fat, ashe tun tuni suna can ƙasa inda wuƙa ba ta kaiwa. Ya latsa kututturen, ya lotsa.

Ran nan da aka kira Mawahib, ta ce, "Baba, sanyi ya kusa. Ta fara ƙunso fure? Ka sa Awadiyya ta ɗauko mini hotonta."

Ya juya wa cunkoson baya, ya manna wayar a kunne. Ya gaya mata komai, tun daga kiyashi har kantin magani, har ranar da ya shanya ta. Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba.

Ta ce, "Ma'alesh, Baba, kada ka damu. Wannan farin ko lokacin Inna yakan zo. In ya yi yawa uwar tsiron ba ta tsira, amma ba komai. Ka ɓalle gaɓa biyu ko uku masu kore, ka wanke da sabulu, ka bar su a inuwa bakin ya bushe, ka cusa a sabon yashi. Da kansu suke yin saiwa."

Ya ce, "Ganyen?"

"Ba ganye ba ne, Baba, jikinta ne. Kowace gaɓa iri ce. Ai da gaɓa ɗaya Inna ta zo da ita daga Masalma, ƙulle a bakin mayafi, gaɓar ta faɗo ne Inna tana shanya, uwar gidan ta ce ta ɗauka. A gwangwanin tumatir ta fara dasa ta. Ba ka tuna ba? Kana zaune a gado ta nuna maka."

Bai tuna ba. Ya lalubi ranar a kansa bai same ta ba. Wataƙila ya ce yana zuwa.

Mawahib ta ci gaba, muryarta na yankewa tana dawowa. Ta ce ita ma ranar da za su tafi, da ta tsuguna, gaɓa ɗaya ta ɓalla ta ƙulle a mayafi kamar yadda uwarta ta yi. Amma sun daɗe a bakin iyaka cikin rana, kafin su ƙetare ta narke ta zama ruwa. Ba ta gaya masa ba don kada ya yi mata dariya. Ta ce, "Shi ya sa nake damunka da tambaya. Ta wurinka ce kaɗai ta rage. Waɗanda ka yanke, ina ka zuba su? Ko sun yamutse suna kamawa, ka duba inda ka zubar."

Awadiyya na tsaye a gefe tana jin rabin maganar, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

"Baba? Kana ji na?"

Ya ce, "Ina ji. Zan duba."

Bai jira Awadiyya ba. Ya taho gida da saurin da ya daɗe bai yi ba, ya tura ƙofa, ya zube kan gwiwoyinsa a gindin randa. Ya ja randar gefe, abin da ƙarfinsa bai kai ba, har ruwa ya fantsama. Ya bi ƙasa da tafin hannu yana shafawa, don idon ba abin dogaro ba ne. Ya bi gindin katanga, ya ɗaga tabarma, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zazzage buhun da yake jiƙawa, ya warware bakin tsintsiya ko wata ta maƙale. Gaɓa ɗaya yake nema, ko busasshiya, ko rabi. Ya zagaya bayan gida ya tone inda ya binne toka, ya murza ta a yatsu, toka ce zalla mai laushi, an ƙona ta yadda ya kamata.

Ya dawo tsakar gida ya tsaya yana haki, gwiwoyinsa duk ƙasa. Gida a share yake tas, lungu da saƙo. Ko Mufattishi ne ya zo da sandarsa ba zai samu tsinke ba.

Aka kira la'asar. Ya ɗebi ruwa ya yi alwala a kan kwano kamar yadda ya saba. Da ya gama ya ɗauki kwanon, ya tsaya, ya rasa inda zai kai shi. Can ya sunkuya ya ɗiga a kan ruɓaɓɓen kututturen, kaɗan-kaɗan, don Kande ta ce ba ta son ruwa da yawa.